Majalisa ta Koya Maka Sha, Majalisa Za ta Taya Ka Bari

Tun shekarar 2000 da Jihar Kano ta koma aiki da shari'ar Musulunci, shan giya ya zama laifi a kan Musulmi a gaban alƙali, bayan haramcin da kowane ɗan makarantar allo ya riga ya sani. Hukumar Hisba, wadda aka kafa da doka a 2003, takan tara kwalaben da ta kama ta sa katafila ta murƙushe su a bainar jama'a: kwalba 240,000 a Nuwamban 2013, kusan miliyan 2 a Nuwamban 2020, kusan miliyan 4 a farkon 2022. Wanda ya ga hotunan yakan yi hamdala, kuma da gaskiyarsa. Sai dai ba kasafai ake tambayar su wa aka yi wa safarar kayan ba. Ɗan kasuwa ba ya cika tirela da abin da ba shi da mai saye. Ko an ce wasu motocin wucewa za su yi zuwa wata jiha, ko an ce baƙin Sabon Gari ne ke shan wani kaso, dole ragowar ta sauka a cikin 'ya'yan gidajenmu. Abin kuwa ba yau ya fara ba, don Mu'azu Haɗeja da ya rasu tun 1958 bai rubuta Waƙar Giya saboda mutanen wata ƙasa ba. Mun ƙware wajen fasa kwalba, mun ƙware wajen wa'azi a kanta, amma wanda kwalbar ta riga ta kama, ya kuma gaji, yana son ya bari, ba mu tanadar masa wurin da zai zauna ya faɗi haka ba.

Da kai nake, ƙanena, ko ɗalibi ne kai a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliko Ɗangote da ke nan Wudil, ko kana lodin shanu a Kara ran Juma'a, ko ɗiban yashi kake yi a bakin kogi, ko babur kake ja tsakanin gada da tasha. Da ke ma nake, ƙanwata, zan zo kanki. Na haɗa giya da 'yan uwanta, kodin da tiramol da wiwi da roci, domin a nan arewa sau da yawa mutum ɗaya ne ke yawo a tsakaninsu, in wannan ya yi tsada ko ya yi wari ya koma wancan. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abin maye a shekara guda a Najeriya, kuma a Jihar Kano kaɗai sun haura miliyan ɗaya, kashi 16 cikin ɗari. Giya da taba ma ba sa cikin wannan lissafi. Ba kai kaɗai ba ne, kuma a cikin wannan taro akwai dubbai da suke kwana da irin nadamar da kake kwana da ita. Maganata ɗaya ce: ka nemi wasu daga cikinsu da suka ƙudura barin abin, ka riƙa zama da su a kai a kai, a rana sananniya da lokaci sananne. In ba ka same su a haɗe ba, ka haɗa su.

Na san ka sha yin rantsuwa. Ka yi ta da asuba bayan daren da ka kasa tuna yadda ka dawo gida, ka yi ta ranar da mahaifiyarka ta dube ka ta kawar da kai, ka yi ta a goman ƙarshe na azumi. Kuma ba ƙarya kake yi ba a lokacin da kake yinta. Abin da ke karya ta shi ne bayan la'asar, lokacin da aiki ya ƙare, kuɗi suka shigo aljihu, ƙafa ta ɗauki hanyar da ta saba. Kusan babu wanda ya fara sha shi kaɗai a ɗaki. A majalisa aka miƙa maka, a can aka yi maka dariya da ka ƙware, a can aka fara kiranka namiji. Majalisar nan ita ce inda ake tambayarka in ba a gan ka ba, ita ke ranta maka kuɗin mota, ita ke zuwa maka gaisuwar mutuwa. Ranar da ka bar sha, da abin sha da abokan hira duk ka rasa lokaci guda, sai ka zauna a ƙofar gida kana kallon titi, jiki yana ƙaiƙayi, waya tana ƙara. Mutane ƙalilan ne ke iya jure wannan kaɗaici wata guda. Masu cewa ai niyya ce kawai ba su lissafa da cewa niyyar mutum ɗaya tana kokawa ne da ƙwaƙwalwar da ta saba da abin, da kuma mutum goma da suke jiransa a kan benci.

Kafin a yi zancen kowane zama, akwai gargaɗin da ya shafi rai. Wanda ya daɗe yana shan giya kullum, kuma da yawa, kada ya yanke ta dare ɗaya ba tare da likita ba. Cikin yinin farko hannu zai fara karkarwa, gumi ya keto, amai ya taso, barci ya ƙaura. Wasu sukan faɗi da jijjiga irin ta farfaɗiya a kwana biyun farko, wasu kuma a kwana na biyu zuwa na huɗu hankalinsu ya gushe, su riƙa ganin ƙwari da macizai a bango, zuciya tana bugu da sauri. A gidajenmu nan take za a ce iska ce, a kira mai ruƙiyya, a turara hayaƙi, alhali ciwo ne da ke kisa, kuma likitoci sun san maganinsa: ƙwayar kwantar da jijiyoyi da ake rage ta sannu a hankali, da sinadarin bitamin B1, da ƙarin ruwa. Haka ma mai shan roci ko makamantanta, yanke su farat ɗaya yana iya kawo jijjiga. Saboda haka ƙofar farko ta asibiti ce. Zaman da nake kira gare shi aikinsa yana farawa ne bayan an sallame ka, a watanni da shekarun da babu likita a kusa.

Irin wannan zama yana da tarihi. A watan Mayun 1935 wani dillalin hannun jari daga birnin New York mai suna Bill Wilson ya je garin Akron a jihar Ohio ta Amurka don wani ciniki, cinikin ya rushe. Yana da 'yan watanni da barin giya, ga shi baƙo a otal, ga mashaya a gefe. Sai ya fahimci cewa abin da zai tsare shi a daren nan shi ne ya sami wani mashayi ya yi magana da shi. Ya yi ta buga waya har aka haɗa shi da wani likitan tiyata, Bob Smith, wanda giya ta kusa raba shi da aikinsa. Likitan ya sha kofinsa na ƙarshe a watan Yunin shekarar, kuma daga waɗannan mutum biyu ƙungiyar Alcoholics Anonymous, ko AA, ta tsiro. Sun buga littafinsu a 1939, yau kuma suna da mambobi kimanin miliyan 2 a ƙasashe wajen 180. A 1953 aka kafa irinta ta masu shan ƙwaya, Narcotics Anonymous, ko NA. Abin lura a labarin shi ne ba don ya ceci likitan Wilson ya neme shi ba, ya neme shi ne don ya ceci kansa. Tsarin zaman kuwa ba wani abin mamaki: mutane su zauna sa'a guda, kowa ya faɗi sunansa na farko kawai, wanda ya so ya faɗi yadda makonsa ya kasance, ba a katse shi, ba a yi masa wa'azi, ba a ba shi shawara sai ya nema. Ba kuɗin shiga, ba rajista, sharaɗi ɗaya ne, mutum ya kasance yana son bari. Kamar adashi ne: kowa yana zubi, kowa yana da ranar kwasa, sai dai abin zubin gaskiya ce da lokaci.

Za ka ce hira ce kawai, hira kuwa ba ta maganin ciwo. An gwada. A 2020 cibiyar Cochrane, wadda ke tattara binciken lafiya daga ko'ina tana tace shi, ta fitar da nazarin da John Kelly da Keith Humphreys da Marica Ferri suka yi a kan bincike 27 da suka shafi mutum 10,565. Sun ga cewa a cikin waɗanda aka sa a tsarin da ke kai su zaman AA, kashi 42 cikin ɗari sun cika shekara ba su sha ba ko sau ɗaya, a kan kashi 35 na waɗanda suka samu wata hanyar ba da shawara ta ƙwararru. Ka karanta alƙaluman da idon basira. Kashi 42 yana nufin fiye da rabi sun zame a cikin shekarar, kuma yawancin binciken a Amurka aka yi shi, tsakanin mutanen da giya halal ce a dokarsu. Duk da haka abu ne mai girma a ce zaman da ba a biyan ko sisi ya yi kafaɗa da kafaɗa da aikin ƙwararru, har ya ɗara shi a wani ma'auni. Da masu bincike suka bi diddigin dalili, babban abin da suka gano shi ne mai zuwa zama yana sauya abokan hulɗa: masu sha suna raguwa a kewayensa, waɗanda suka bari suna ƙaruwa. Bahaushe ya riga su da ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Ƙorafi na farko da za a yi shi ne abin na Nasara ne. Akwai gaskiya a ciki. AA ta fito ne daga wata ƙungiyar Kirista da ake kira Oxford Group, kuma a wurare da yawa har yau ana rufe zama da addu'ar coci. Musulmin da ya shiga irin wannan zama a Legas ko Abuja yana da 'yancin yin shiru a lokacin, babu mai tilasta shi. Amma tsarin bai maƙale a wuyan addini ɗaya ba. A Iran, ƙasar da malamai ke mulki kuma giya haram ce a doka, NA ta kafu a shekarun 1990, yanzu ana yin dubban zama kowane mako, babu ƙasar da ta fi ta yawan zama in ba Amurka ba. A birnin Baltimore na Amurka, Musulmi sun kafa tasu a 1989 mai suna Millati Islami, suka gina matakan a kan Alƙur'ani da Sunna. In ka duba ginshiƙan tsarin, wato mutum ya yarda dabararsa ta ƙare, ya miƙa lamarinsa ga Ubangiji, ya yi wa kansa hisabi, ya nemi gafarar waɗanda ya cuta ya mayar musu da haƙƙinsu, ya taimaki na bayansa, za ka ga babu baƙo a ciki ga wanda ya karanta sharuɗɗan tuba a Islamiyya. Ka tuna kuma yadda aka raba mutanen Madina da giya. An fara da ayar Baƙara, aka zo ta Nisa'i, aka rufe da ta Ma'ida, a tsawon shekaru, ana gina zukata. Ranar da haramcin ƙarshe ya sauka, Anas ɗan Malik yana shayar da mutane a gidan Abu Ɗalha, aka ce masa ya zubar, aka zubar har ta kwarara a lungunan gari. Wannan ba izinin sha kaɗan-kaɗan ba ne ga kowa a yau, hukunci ya riga ya tabbata. Abin da nake so ka gani shi ne tare suka bari. Wanda ya zubar da tulunsa ya san maƙwabcinsa ma ya zubar, kuma da magariba duk za su haɗu a sahu.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma shi ne zai hana mafi yawanku motsi. An koya mana cewa wanda Allah ya rufa wa asiri kada ya tona kansa, akwai hadisi ingantacce a kan mutumin da ya yi saɓo da dare, Allah ya suturta shi, gari ya waye yana ba mutane labari. To yaya za a ce mutum ya zauna cikin jama'a ya ce shi mashayi ne? Malamai sun bayyana cewa abin zargin shi ne bayyana saɓo don alfahari ko rashin damuwa, irin hirar da ake yi a majalisar sha kanta, wane ya shanye kwalba kaza bai faɗi ba. Faɗin laifi don neman mafita wani abu ne daban. Mutumin da ya sadu da iyalinsa da rana a watan azumi ya zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗi abin da ya yi sahabbai suna zaune, ba a tsawata masa don ya faɗa ba, aka nuna masa hanyar kaffara. Mara lafiya yana buɗe wa likita inda ba ya buɗe wa kowa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sai dai ba zan yaudare ka ba, tsoronka ba na fiƙihu kaɗai ba ne. Wudil gari ne da in ka faɗi sunanka za a faɗa maka na kakanka. Akwai binciken aure, wanda maganar mutum ɗaya ke rusawa. Akwai makaranta da ke iya kora, akwai maigida a kasuwa, akwai doka. Kuma amana tana iya karyewa, domin 'yan zaman mutane ne. Shi ya sa ƙa'idojin suke da tsauri: sunan farko ko laƙabi, ba a ɗaukar hoto ko murya, waya tana aljihu, ba a ambaton sunan dila ko na abokin sha, ba a zayyana laifin da zai kai wani kotu, abin da aka ji a ɗakin a ɗakin yake kwana. Abin da ke riƙe amanar kuwa shi ne kowa ya ajiye nasa asirin a hannun sauran, mai tona naka ya tona nasa. In duk da haka zuciyarka ba ta kwanta da garinku ba, Kano kimanin kilomita 40 ce, motoci ba sa yankewa a hanyar. Sannan ka tambayi kanka tsakani da Allah ko asirin da kake karewa yana nan a rufe. Mai shayi ya ga idonka, ƙannenka sun ji wari, mahaifiyarka ta daɗe da sani, kunya ce ta hana ta magana. Abin da jama'a ba su sani ba tukuna shi ne kana ƙoƙarin bari.

Ƙorafi na uku yakan fito daga iyaye: muna da malamai, muna da addu'a, in ya ƙi ji a kai shi gidan mari. Addu'a ba ta da madadi, kuma babu abin da zai hana mai zuwa zama ya riƙe azkar ɗinsa da sallar dare, hasali ma zai fi samun ƙarfin yinsu. Gidan mari kuwa mun ga abin da ke cikinsa. A Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, bayan 'yan makonni aka buɗe wani a Daura, aka bi da rufe irinsu a wasu garuruwa. Iyayen da suka kai 'ya'yansu ba mugaye ba ne, dabara ce ta ƙare musu. Amma mari yana tsare ƙafa ne iyakar kwanakin da yake ƙafa, ranar da aka cire shi yaro yana fitowa da tsohuwar ƙishirwarsa, ga sabon ƙulli a zuci, ga tsohuwar majalisa tana jira. Littattafan tarihi sun kawo labarin Abu Mihjan As-Saƙafi, jarumi kuma mawaƙi, wanda aka yi ta yi wa haddi a kan giya yana komawa, har Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas ya ɗaure shi a lokacin yaƙin Ƙadisiyya. Matar Sa'ad ta kwance shi bisa alkawarin zai dawo, ya hau dokin Sa'ad ya yi yaƙi, ya dawo ya mayar da ƙafarsa cikin mari da kansa. Da Sa'ad ya ji, ya sake shi ya ce ba zai ƙara yi masa bulala ba, a nan ne Abu Mihjan ya yi alkawarin ya bar giya har abada. Bulala ta yi shekaru ba ta samu abin da yarda ta samu a yini ɗaya ba. Bukhari kuma ya kawo labarin wani sahabi mai suna Abdullahi da ake yawan kawowa a kan sha, wani ya tsine masa, Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. An zartar masa da hukunci, amma ba a fitar da shi daga cikin jama'a ba.

Yanzu ina za ka same su? Kada ka yi tsammanin allo a bakin titi, irin wannan zama ko a ƙasashen da ya yi ƙarfi ba ya talla. Ka fara da babban asibitin Wudil, ka ce kana son ganin likita, in ka shiga ka faɗi abin da kake sha, da yawansa, da tsawon lokacin, ba ragi. Ka nemi ya tura ka sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin Dawanau. Na san sunan Dawanau kaɗai yana sa mutum ya ja da baya, don a bakin jama'a wurin mahaukata ne, amma a nan ƙwararrun wannan ciwo suke, kuma yawancin masu zuwa ganin likita suke yi su koma gida. A can ka tambayi likita ko ma'aikacin jin daɗin jama'a kai tsaye: akwai zaman rukuni na waɗanda suka bari, wace rana, wa zan gani? Su ne suka san waɗanda aka sallama da suke haɗuwa. Hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ban da kame tana da sashen ba da shawara da farfaɗo da masu shaye-shaye, kuma tun 2022 tana da layin waya kyauta da ake kira dare da rana, ko da yake wanda matsalarsa giya ce zalla asibiti ya fi dacewa da shi. Tun zamanin korona a 2020 kuma zaman AA da NA da yawa sun koma ta intanet, ana shiga ta Zoom a kowace sa'a, mutum na iya rufe kyamara ya saurara kawai. Yawancinsu da Turanci ake yi, ɗalibi zai amfana, mai lodin shanu ba lalle ba. Ka yi hattara da zauren WhatsApp, lambar kowa a fili take, kuma abin da aka rubuta ana iya ɗaukar hotonsa. Duk inda aka nemi kuɗi masu yawa, ko ana sayar da wani haɗi da aka ce yana wanke jini cikin kwana bakwai, ko aka ce ka jefar da maganin da likita ya ba ka, ka fita.

In ka bincika ba ka samu na kusa ba, ka tuna da mutum biyu aka fara a Akron. Ka san wani a unguwarku da ya bari, ko yake fama kamar kai. Ku roƙi wani ma'aikacin lafiya ko malami mai rufin asiri ya sama muku ɗaki, ajin Islamiyya bayan an tashi ko wani lungu a asibiti, amma kada ya zama shugabanku, domin da zarar malam ya zauna a kan kujera zama ya koma wa'azi, kowa zai gyara murya ya faɗi abin da ake so a ji. Ku zaɓi lokacin da ya fi muku haɗari, tsakanin la'asar da isha, kuma a Wudil yammacin Juma'a da kasuwa ta watse aljihu ya yi nauyi ya fi kowane lokaci cancanta. Jagorancin zama ya riƙa zagayawa. Kuɗin shayi ku haɗa da kanku, kada ku karɓi na ɗan siyasa, kun san abin da wasunsu ke raba wa matasa in zaɓe ya matso, kuma wanda ya biya kuɗin ɗaki gobe zai zo da mai ɗaukar hoto. Kada ku riƙa rance a tsakaninku, bashi ya kashe zumuncin da ya fi naku daɗewa.

Ke kuma ƙanwata, binciken nan na 2019 ya nuna ɗaya cikin kowane mutum huɗu masu shan ƙwaya a Najeriya mace ce, kuma kafin gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a Mayun 2018, kowa ya ji yadda ya shiga ɗakunan 'yan mata da na matan aure. Taki kunyar ta ninka ta namiji, domin shi ana cewa ƙuruciya ce, ke kuwa aurenki ne a kan layi. Kada ki shiga zaman maza. Ki fara da ma'aikaciyar jinya ko likita mace, zuwa asibiti ba ya jawo tambaya, daga nan mata biyu ko uku suna iya haɗuwa a ɗakin ɗayarsu da hantsi ba wanda zai ɗaga ido.

Ranar farko za ka ji kamar ka juya daga bakin ƙofa. Ka shiga, ka zauna a baya, ba dole ka ce komai ba. Kada ka yanke hukunci da zama ɗaya, ka je sau biyar ko shida, domin ranar farko kunnenka bambanci yake nema, wane ya fi ni lalacewa, wane bai kai ni ba. Ka lura da wanda ya daɗe da bari kuma ba shi da yawan surutu, ka karɓi lambarsa, ka kira shi lokacin da sha'awar ta taso, kafin ka sha, ba bayan ka sha ba. Sha'awar takan yi ƙarfi ta sauka cikin ƙasa da sa'a guda in ba a biya mata ba, kuma hira a waya tana cinye wannan lokaci. Kada ka yi alkawarin shekara, ka yi na yau. Akwai yiwuwar ka zame, alƙaluman da na kawo sun nuna haka, kuma a nan ne haɗari biyu suke. Na farko na jiki ne: wanda ya yi watanni bai sha kodin ko tiramol ba jikinsa ya daina jure adadin da, in ya koma kan tsohon ma'auninsa, balle ya haɗa da giya, numfashinsa na iya tsayawa. Na biyu kunya ce, wadda za ta ce maka ka ci amanar mutane, da wane ido za ka dube su. Mutanen ɗakin nan kusan kowannensu ya taɓa zamewa, sun san fuskar wanda ya dawo. Ka kira mutuminka a daren, in karkarwa ta dawo ka koma asibiti, ranar zama kuma ka je da wuri ka faɗa da bakinka kafin a tambaye ka.